Josef Gingold: Mai Gogen da Ya Zama Malami

Turawa suna da wani irin goge da suke kira biyolin. Tsirkiyarsa huɗu, a kan ɗora shi a kafaɗa, a danne da haɓa, a goga shi da izgar doki. A babban taron makaɗansu a kan sami masu wannan goge fiye da talatin, duk suna bin sandar shugaba guda. Josef Gingold yana cikin gwanayen wannan sana'a a Amurka.

An haife shi a shekarar 1909 a Brest-Litovsk, wani gari da a lokacin ke ƙarƙashin Sarkin Rasha, yau kuwa yana cikin ƙasar Belarus. Iyayensa Yahudawa ne. Yana yaro aka fara Yaƙin Duniya na Farko, ya ci garinsu a 1915. A 1920 suka yi ƙaura zuwa New York. A can ya koyi goge wurin wani malami, Vladimir Graffman. Da ya yi ƙarfi, sai ya haye teku a 1927 zuwa Beljiyam, ya zauna gaban Eugène Ysaÿe, wanda duk Turai ta san gwanintarsa.

Ko da ya komo Amurka, sai ya tarar tattalin arziki ya karye, aiki ya yi wuya. Bai raina abin da ya samu ba, ya yi ta kiɗa a gidajen wasan kwaikwayo don ya ci abinci. A 1937 gidan rediyon NBC ya kafa ƙungiyar makaɗa ƙarƙashin Arturo Toscanini, aka ɗauke shi. Ya shekara bakwai a nan. A 1944 aka naɗa shi shugaban masu goge na ƙungiyar Detroit, a 1947 kuma George Szell ya kira shi Cleveland kan wannan muƙami.

Muƙamin nan ba ƙarami ba ne. Mai shi ya kan zauna gaba, kusa da mai sanda. Shi ke daidaita muryar kayan kiɗa kafin a fara, shi ke tsara yadda masu goge za su ja izga tare, in kuma an zo wurin da goge ɗaya zai yi kuka, shi ke yi. Szell kuwa mutum ne mai tsanani, ba ya ƙyale kuskure. Shekara 13 suka yi tare, ƙungiyar ta shiga sahun gaba a duniya.

A 1960, yana tsakiyar ƙarfinsa, sai ya bar kujerar nan da makaɗa da yawa ke kwaɗayi, ya koma koyarwa a Jami'ar Indiyana, cikin wani ƙaramin gari, Bloomington. Kiɗan dandali da an tashi ya wuce, amma abin da aka zuba a hannun almajiri ya kan daɗe. An san shi da haƙuri da fara'a. Ba ya tilasta wa yaro ya kwaikwaye shi, sai dai ya taimake shi ya gano nasa salon. Ya kuma tattara wurare masu wuya na kiɗan ƙungiya cikin littafi uku, masu neman aiki suna bita da su.

Almajiransa sun yi suna. Akwai Jaime Laredo ɗan Bolibiya, da Miriam Fried, dukansu sun ci babbar gasar Beljiyam, shi a 1959, ita a 1971. Akwai kuma Joshua Bell, wanda ya zo gabansa yana da shekara 12. A 1982 aka kafa gasar goge ta duniya a Indianapolis da hannunsa a ciki, a kan yi ta duk shekara huɗu.

Gingold ya mutu a Bloomington ran 11 ga Janairu, 1995, yana da shekara 85. Ilmin da ya ɗebo wurin Ysaÿe bai bi shi kabari ba, yana nan a hannun almajiransa da nasu almajiran.