Range Rover ko Land Cruiser: Gardamar da ta Girme Mu

A gidanmu duk wanda ya karanta kwamfuta an ɗauka ya san komai, daga gyaran rimot har zuwa lissafin gado. Shi ya sa da babban yayanmu ya samu buɗi a kasuwa ya ƙudura sayen babbar jif, mu ya kira wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Tambayarsa gajera ce: Range Rover ko Land Cruiser? Kuɗin da zai zuba sun isa gina gida a Kano, kuma motar ba ta zagayen gari ba ce kawai. Da ita zai riƙa bin hanyar Abuja, da ita zai riƙa kai Hajiya ƙauye ko da tsakiyar damina ne. Muka ce, "Yaya, ai mu manhaja muke rubutawa, ba mota muke gyarawa ba." Ya ce mu dai je mu duba masa.

Da muka shiga dubawa sai muka tarar gardamar ta girme mu, ta girmi Yaya ma, kuma cikin motocin biyu babu wadda aka haifa cikin daula.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙarfe ya yi wuya a Ingila, gwamnati ce ke raba shi ga masana'antu. Kamfanin Rover na neman abin da zai riƙe shi. Babban injiniyansa, Maurice Wilks, yana da tsohuwar jif ta sojan Amurka da yake aiki da ita a gonarsa a tsibirin Anglesey, sai ya ga me zai hana su ƙera irinta domin manoma. Aka yi mata bodi da alminiyam, wanda ya fi ƙarfe samuwa a lokacin, aka nuna ta a bajekolin motoci na Amsterdam ranar 30 ga Afrilu, 1948. Ita ce Land Rover, motar da kakanninmu suka saba gani da Di'o da malaman dabbobi da 'yan sanda a ƙarshen zamanin Turawa.

Ta Japan kuwa yaƙin Koriya ne ya jawo ta. A 1951 Toyota ta ƙera wata mota mai suna BJ tana neman kwangilar rundunar tsaron cikin gida da aka kafa a ƙasar. Kwangilar ta kuɓuce mata, Mitsubishi ta samu. Amma a shekarar ne direban gwaji Ichiro Taira ya hau dutsen Fuji da motar har zango na shida, inda mota ba ta taɓa kaiwa ba. Da farko Toyota Jeep ake ce mata, sai kamfanin Willys na Amurka ya ce sunan nasa ne. A 1954 aka raɗa mata Land Cruiser, sunan da ko yaro ya ji ya san da wa ake tsere.

Range Rover ta zo ne a watan Yunin 1970, aikin Spen King da Gordon Bashford. Wanda ya san ta yau zai yi dariya in ya ga ta farkon: ƙofa biyu, kujerun leda, daɓen roba wanda za a iya sa tiyo a wanke. Abin da ta zo da shi sabo shi ne laushin tafiya. An sa mata sifirin mai naɗi irin na ƙananan motoci, da injin V8 mai lita 3.5 wanda Rover ta sayi zanensa daga Buick, don haka tana iya keta gona da safe ta hau babban titi da yamma ba tare da ta karya wa mai ita baya ba. A 1979 ita ta lashe rukunin motoci a tseren farko na Paris zuwa Dakar, tseren da ya bi ta Agadas da Yamai. Masu kuɗi suka so ta, kamfanin ya bi son ransu: ƙofa huɗu a 1981, giya mai canza kanta a 1982, kasuwar Amurka a 1987, fata da katako suka maye gurbin leda. A ƙarshen shekarun 1970 har masana'antar Leyland aka buɗe a Ibadan tana harhaɗa Land Rover, kafin tattalin arziki ya karye a shekarun 1980.

To amma yayin da Range Rover ke hawa sama, Toyota tana cinye dajin da Land Rover ta share. Shaidar da ta fi kusa da mu a Chadi take. A 1987 sojojin Hissène Habré, ƙarƙashin kwamanda Hassan Djamous, suka tunkari tankokin Libiya da a-kori-kura na Toyota, Hilux da Land Cruiser, waɗanda aka ɗaura wa makaman fasa tanka na Faransa. Ranar 2 ga Janairu suka karɓe garin Fada, a watan Maris suka ci sansanin Wadi Doum. Har yau Yaƙin Toyota ake kiransa. Ba motocin alfarma ba ne, babu na'urar sanyi balle kujerar fata, amma sunan da suka yi a hamada shi attajiri ke biya in ya sayi Land Cruiser ta yau.

A nan ne sana'armu ta fara yi mana amfani. Cikin masu rubuta manhaja akwai mutum biyu. Akwai wanda in ya gaji tsohon aiki sai ya rushe shi ya sake daga tushe, akwai wanda zai riƙa gyara kaɗan-kaɗan yana kaffa-kaffa kada abin da ke aiki jiya ya daina aiki yau. Na farko ya fi burgewa a taro. Na biyu shi ne wanda wayarsa ba ta ƙara da ƙarfe biyun dare.

Range Rover ta farkon ce, ba kuma kullum da son ranta ba, domin hannu ta yi ta sakewa. Daga British Leyland ta koma hannun British Aerospace a 1988, BMW a 1994, Ford a 2000, sannan Tata na Indiya a 2008. Kowane sabon uban gida da kayansa yake zuwa. Injin Rover ya yi aiki har 2002, sai na BMW, bayan 'yan shekaru na Jaguar, yanzu kuma V8 ɗinta ya sake komawa na BMW. A 1992 aka fara sa mata balan-balan na iska a madadin sifirin, kwamfuta na ɗaga motar tana sauke ta. A 2002 ta rabu da shasi, aka haɗe bodi da ƙashi wuri ɗaya, a 2012 kuma aka mayar da bodin duka alminiyam. Kowane mataki ci gaba ne na gaske, kuma gaskiya a faɗe ta, wanda ya zauna a bayan Range Rover ya san kuɗi sun yi aiki. Sai dai kowane mataki yana mayar da bakaniken Ƙofar Ruwa ko na Apo ɗan aji ɗaya. Shi ya sa za ka ga tsohuwar Range Rover a gefen gareji ta durƙusa kamar raƙumi, ko ka ji mai ita ya ce a cire balan-balan ɗin a mayar masa da sifirin ya huta.

Land Cruiser uban gida ɗaya ta sani tun 1951. Ita ma ta shiga daula, sannu a hankali: jerin 80 a 1989, ƙanwarta Prado a 1990, sai Lexus LX a tsakiyar shekarun 1990, wadda Land Cruiser ce da ta sa babbar riga. Jerin 100 ya zo a 1998, na 200 a 2007. Duk da haka ba ta taɓa rabuwa da shasinta ba, kuma jerin 70 da aka fara a 1984 har yanzu ana ƙera shi. A 2019 kamfanin ya sanar cewa ya sayar da miliyan 10 tun farawa. Yawan nan shi ne rabin sirrin, domin inda mota ta yi yawa nan kayan gyaranta ke yawa, da masu hannu a kanta. Ko a 2023, da aka yi ta ce-ce-ku-ce kan motocin 'yan majalisar tarayya, Toyota aka saya, kuma hujjar da aka kawo ita ce lalacewar hanyoyinmu. Hujjar ta ba mutane haushi ganin daga bakin waɗanda ta fito, amma babu direban da ya ce ƙarya ce.

Da a nan labarin ya tsaya da amsa ta yi sauƙi. A 2021 Toyota ta fito da jerin 300, ta ajiye V8 ta ɗauki V6 mai turbo biyu da giya goma, cike da na'urori masu magana da juna. Farkon 2022 kamfanin ya ba masu saye a Japan haƙuri cewa jira zai iya kai shekara huɗu. A ranar 1 ga Maris na shekarar, kutsen intanet da aka yi wa wani kamfani mai ba ta kaya ya tsayar da dukkan masana'antunta 14 na Japan kwana guda. Jaguar Land Rover ta fi jin jiki: kutsen da aka yi mata a ƙarshen Agustan 2025 ya hana ta ƙera mota sama da wata guda, har gwamnatin Birtaniya ta tsaya mata a bashin fam biliyan 1.5. Motocin da aka fara don manomi da soja, yau duka biyun kwamfutoci ne masu taya, kuma abin da ke cikin kwamfutar kamfani ne ke riƙe da makullinsa.

Muka koma muka ce wa Yaya ya ɗauki Land Cruiser, amma jerin 200 mai V8, wadda makanikai suka shekara fiye da goma suna kwancewa suna ɗaurawa. Bai ji daɗi ba, don zuciyarsa na kan Range Rover tun yana saurayi, ya kuma ce mun zaɓa masa motar 'yan siyasa. Ya dai saya. Bayan wata huɗu wata fitila ta kama a gaban sitiyari, muka raka shi gareji. Bakaniken, dattijo da ya fara sana'a tun zamanin Fijo, bai ko buɗe bonet ba. Ya aika yaronsa ya ɗauko kwamfutar dubawa, ya jona ta ƙarƙashin sitiyari, ya yi ta kallon lambobin da suka fito. Can ya juyo wajenmu ya ce, "Alhaji ya ce kai ne ɗan kwamfutar gidan. Zo ka karanta mana wannan."