Mesa zabiya: Yadda launi ke ɓuya a jini ya bayyana a jikoki

Duk mai kiwon zomo a Kambarawa ko wata unguwa cikin birnin Katsina zai iya cin karo da wannan abin mamaki: uwa da uba masu launin toka su haifi ɗa fari sol mai jajayen idanu. Dokar gadon da ta haifar da wannan zomo ita ce ginshiƙin wata sana'a mai tsoka a Amurka da Turai, wato kiwon macizai domin launinsu, kuma macijin da ya fi kasuwa a sana'ar ɗan Afirka ta Yamma ne.

Wata ƙaramar mesa ce da masana ke kira Python regius. Ba ta da dafi, tsawonta bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba, kuma idan ta tsorata dunƙulewa take yi kamar ƙwallo ta ɓoye kanta a tsakiya. Kada a haɗa ta da babbar mesar da aka sani tana haɗiye akuya. Ana samun ta a Najeriya da Gana da Togo da Jamhuriyar Benin, inda har ɗakin bauta aka gina mata a garin Wida. Launinta na asali baƙi ne da ruwan ƙasa, amma jefi-jefi mafarauta kan tsinci zabiya, mai launin fari da rawaya da jajayen idanu, saboda jikinta ba ya samar da sinadarin da ke baƙanta fata.

A 1992 wani Ba'amurke mai suna Bob Clark ya fara ƙyanƙyashe zabiyar wannan mesa a hannu, daga wadda aka kamo a Afirka. A 1997 kuma Peter Kahl ya tabbatar cewa mai dabbare-dabbaren fari ita ma gadon launinta ake yi ta hanya guda.

Hanyar kuwa tun 1866 Gregor Mendel ya bayyana ta, bayan gwajin da ya yi a kan wani nau'in wake. Kowace halitta na karɓar ƙwayar gado biyu a kan siffa ɗaya, guda daga uwa, guda daga uba. Wata ƙwayar mai rinjaye ce, ko ita kaɗai ce sai ta nuna kanta. Wata kuma mai lafewa ce, ba ta bayyana sai ta zo ta ɓangarorin biyu. Zabiyanci na cikin masu lafewa.

Don haka idan aka haɗa zabiya da mesa mai launin asali wadda ba ta da ƙwayar, ko ɗa ɗaya ba zai fito zabiya ba, amma dukkansu suna ɗauke da ita a ɓoye. Sai an raini waɗannan 'ya'ya, kuma macen kan ɗauki shekara biyu zuwa uku kafin ta isa yin ƙwai, a haɗa su da juna, sannan launin zai dawo. A nan kowane ƙwai yana da damar kashi 25 cikin 100 ya zama zabiya, kashi 50 ya zama mai ɗauke da ƙwayar, kashi 25 ya fito babu ita.

Mai karatu zai ga bai baƙunci lissafin ba. Shi ne na cutar sikila, wanda ya sa ake gwajin jini kafin aure: AS da AS ke haifar da SS. Kuma kuskuren da mutane ke yi a can shi masu kiwo ke yi a nan, wato zaton cewa cikin kowane huɗu dole ɗaya ya fito. Kowane ƙwai da rabonsa. Wannan mesa ba ta da yawan ƙwai, shida ko kusa da haka take yi a shekara, su ƙyanƙyashe cikin kimanin kwana 60. A ƙwai shida, damar a tashi babu zabiya ko ɗaya ta kai kashi 18 cikin 100, shekara guda ta tafi ke nan.

Inda ciniki ya fi sarƙaƙiya shi ne wajen 'ya'yan da suka fito da launin asali. Ido ba ya bambanta mai ɗauke da ƙwayar da marar ita, illa dai lissafi ya nuna biyu cikin uku suna da ita. Shi ya sa ake tallarsu da lambar kashi 66 cikin 100, kuma mai saye ya san zai iya ciyar da maciji shekara uku kafin ya gane bai dace ba. Da can amana da rubutaccen tarihin iyaye kaɗai ake dogara da su. Yanzu an fara gwajin ƙwayoyin gado daga saɓar da macijin ya yi.

Akwai wani tarkon. Zabiyanci a wannan mesa ba iri ɗaya ba ne. Wadda farinta ke da shuɗi-shuɗi daga wata ƙwaya daban take, don haka idan aka haɗa ta da zabiya ta gama-gari, 'ya'yan duka da launin asali za su fito. Wanda kuma ke son tara siffofi biyu masu lafewa a jikin maciji ɗaya, daga iyayen da ke ɗauke da duka biyun, damarsa ɗaya ce cikin 16.

Har yau Togo da Benin da Gana na fitar da dubban wannan mesa duk shekara, akasari daga ƙwan da mafarauta suka haƙo a ramuka, kuma yarjejeniyar CITES ta hana ƙetare iyaka da ita sai da takardar izini.