Tarihin "mizajur": me ya sa sabon Android ke makara a Adar?

A 2001 kamfanin Celtel ya fara aiki a Nijar. Sunansa ya koma Zain a 2008, sannan Airtel a 2010. A wancan zamani, mai Nokia a Madawa ko Buza ba ruwansa da wani mizajur. Yadda waya ta fito daga kwali, haka za ta tsufa.

IPhone ta fito a 2007, Android a 2008. Daga nan aka shiga al'adar fitar da sabon tsarin waya kusan kowace shekara. Apple na sakin nata a watan Satumba, ta tura shi kai tsaye, cikin ƴan watanni mafi yawan masu iPhone sun sauke. Android kuwa hanyarsa doguwa ce. In Google ta gama, sai kamfanin da ya ƙera wayar ya daidaita tsarin da kowane samfuri nasa. Tecno, Itel da Infinix da suka cika kasuwanninmu duk na kamfanin Transsion ne na ƙasar Sin, kuma ƙananan wayoyi masu araha da yawa sau ɗaya suke samun sabon tsari, wasu ko sau ɗaya babu. A ƙarshen 2017 ma sai da Google ta fito da Android Go saboda irin waɗannan wayoyi marasa ƙarfi.

Ko saƙon mizajur ya iso, akwai sauran aiki. Babban mizajur kan wuce giga ɗaya, ɗalibi kuma forfensa na kwana ɗaya ne. Ga rezo mai zuwa yana komawa, ga waya cike da hotuna, ga kuɗin mai caji. Shi ya sa ake danna "plus tard" har abada.

To ta ina sabon tsari ke shigowa? Ta jakar ƴan ci-rani. Wanda ya dawo daga Abijan, Libiya ko Legas ya zo da sabuwa, tsohuwar ta koma hannun ƙane, ta ƙanen ta koma hannun inna. A gida ɗaya a Keita sai ka tarar da Android uku, kowane da shekararsa.

Wanda ya tilasta mutane canji shi ne WhatsApp. A ƙarshen 2018 ya daina aiki a Nokia S40. A 24 ga Oktoba 2023 ya bar duk Android da bai kai 5.0 ba. Ga tsohuwar da ba ta karatu, wadda saƙon murya ne kaɗai ke kawo mata labarin ɗanta da na kuɗin da ya aiko, wannan yankewar zumunci ce.

Don haka, ƴan uwa, in an je hutu a duba lambar Android ta wayar iyaye. In kuma za a saya, a tambayi mai shago shekarar da wayar ta fito kafin a tambayi kyamara.