Daga Totem Zuwa Kan Gida: Tarihin Neman Dabbar Ruhi



Da yawanmu mun taɓa cin karo da wasan nan da ke yawo a Facebook, inda ake yi wa mutum 'yan tambayoyi, wane launi ya fi so, dare ya fi so ko rana, daga ƙarshe a ce masa dabbar ruhinsa zaki ce ko gaggafa ko kyarkeci. Mukan yi dariya mu wuce. To amma a Turai da Amurka akwai waɗanda ba su ɗauki abin da wasa ba. Su ne mabiya maguzancin zamani, masu ƙoƙarin farfaɗo da addinan da kakanninsu suka bi kafin zuwan Kiristanci. A wurin da yawansu, gano dabbar da ke tare da ruhin mutum babban mataki ne a ibadarsu. Yau za mu bi sawun wannan al'ada mu ga inda ta faro. Tarihi muke yi ba kira ba, kuma za mu ga cewa sawun ya bi ta ƙasar Katsina da Kano.

Kalmar totem da duniya ke amfani da ita ta fito ne daga harshen Ojibwe, wata al'umma ta 'yan asalin Amurka ta Arewa da ke zaune kewayen manyan tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada. A harshensu doodem dangi ne, wato zuriyar da mutum ya gada ta wajen uba. Kowace zuriya tana da dabbar da ake kiranta da ita: akwai 'yan beyar, akwai 'yan kifi, akwai 'yan wani tsuntsu dangin gauraka, waɗanda aka sani da shugabanci da iya magana a taro. Ba a aure tsakanin masu doodem ɗaya, ko da garuruwansu na nesa da juna, domin 'yan uwa ne. Baƙo in ya sauka a gari, mutanen doodem ɗinsa ke da nauyin saukarsa.

Abin har ya kai ga takarda. A 1701, lokacin da aka ƙulla babbar yarjejeniyar sulhu a Montreal tsakanin Faransawa da al'ummomin yankin, shugabanni da dama hoton dabba suka zana a matsayin sa hannu. A 1849 kuma wasu shugabannin Ojibwe sun kai koke birnin Washington game da ƙasarsu, a ciki har da wani zane na dabbobin zuriyoyinsu a jere, tsuntsun nan a gaba, an ja layi daga idanu da zukatan sauran zuwa nasa, ma'ana ganinmu ɗaya, zuciyarmu ɗaya. Ke nan doodem sunan dangi ne, dokar aure ce, kuma hatimi ne.

Akwai wani abu na biyu da ya sha bamban da wannan. A al'ummomi da dama na can, yaro in ya kusa balaga yakan keɓe a daji shi kaɗai, ba ci ba sha na wasu kwanaki, yana jiran mafarki. Abin da ya zo masa a mafarkin, sau da yawa a siffar dabba, shi ake ɗauka majiɓincinsa har ƙarshen rayuwa. Wannan na mutum ɗaya ne, da wahala ake samunsa, kuma ba a yawan faɗarsa a bainar jama'a.

Wanda ya cakuɗa biyun nan wani Bature ne mai suna John Long, tafinta kuma ɗan kasuwar fatu, wanda ya buga labarin tafiye-tafiyensa a Landan a 1791. Ta littafinsa kalmar ta yaɗu a Turanci. Ya ba da labarin wani maharbi da ya harbe beyar bisa kuskure, alhali ita ce dabbarsa, ya dawo hankali tashe yana cewa farauta ta ƙare masa. Long ya ɗauki sunan da ake kiran dangi da shi ya liƙa wa majiɓincin mafarki. Kuskuren tafinta guda ke nan, ga shi shekara fiye da 230 ana tafe da shi.

Daga nan malaman Turai suka karɓa. A 1869 wani lauya ɗan Sikotland, John McLennan, ya rubuta cewa bautar dabbobi da tsirrai mataki ne da kowace al'umma ta taka a farkon tarihinta. James Frazer ya fitar da ƙaramin littafi a kan batun a 1887, sannan a 1910 ya fitar da mujalladi huɗu manya, ya tara misalai daga Ostareliya da Afirka da Amurka. Emile Durkheim ya biyo baya a 1912 yana cewa a nan addini ya samo tushe, Sigmund Freud ma ya kawo nasa a 1913. Mu lura da zamanin: lokacin mulkin mallaka ne, kuma ra'ayin ya yi wa masu mulki daɗi, tunda ya jera al'ummomi a kan tsani, Bature a sama, mai dabba a ƙasa.

A nan ne labarin ya iso gida. H. R. Palmer, jami'in mulkin mallaka da ya yi aiki a Katsina, wanda kuma ya fassara Tarihin Kano zuwa Turanci a 1908, ya buga wata gajeriyar maƙala a 1910 a kan abin da ya kira ɓurɓushin totem a ƙasar Hausa. Sunan da ya ji a bakin Maguzawa shi ne kan gida. Ya kawo Mahalbawa na ƙasar Katsina, waɗanda kan gidansu wani gajeren baƙin maciji ne da ake kira kwakiya. Ya kawo 'Yan Dorina, waɗanda sunansu ma ya nuna dabbarsu. Ya kawo Garubawa da ba sa taɓa kwaɗo, da Kutumbawa waɗanda nasu ba dabba ba ce, itatuwa ne, dashi da tsamiya. Frazer ya kwashe bayanan nan ya zuba a cikin mujalladansa. A. J. N. Tremearne shi ma ya taɓo batun a littattafansa na 1913 da 1914, na biyun a kan bori ne, kuma yawancinsa a wurin Hausawan Tunis da Tarabulus ya tattaro shi.

Bayansu, a 1938 zuwa 1939, wani matashi Ba'amurke, Joseph Greenberg, ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano, littafinsa ya fito a 1946. Abin da ya tarar a tsakiyar addininsu shi ne iskoki: na gida, waɗanda ake gada daga uba ana yi musu yanka, da na daji. Wannan ya nuna mana cewa kan gida ba a gefe yake shi kaɗai ba. Yana cikin tsari guda da iskoki da tsafin gida da noma da gado. Su Palmer totem suka zo nema, don haka abin da ya yi kama da totem suka tsinta, suka bar sauran. In muna karanta su, mu karanta da wannan a ranmu.

Shi kansa ginin da su Frazer suka yi bai daɗe ba ya fara tsagewa. Tun a 1910 Alexander Goldenweiser ya nuna cewa abubuwan da aka tara ƙarƙashin suna ɗaya ba lallai su zo tare ba: wasu na da sunan dabba amma suna cinta, wasu ba sa ci amma suna aure a tsakaninsu. A 1962 Claude Lévi-Strauss na Faransa ya ƙarasa rushe shi. A ganinsa babu wani addini guda mai suna totem. Mutane na aron bambancin da ke tsakanin dabbobi ne don su bayyana bambancin da ke tsakaninsu, kamar yadda gauraka ta bambanta da kifi haka gidan wane ya bambanta da gidan wane. Mu ma shaida ne: a filin ƙwallo Najeriya gaggafa ce, Kamaru zaki, Kwaddebuwa giwa, ba kuwa wanda ya ce bauta musu ake yi.

Malamai sun saki kalmar, sai kasuwa ta ɗauka. A Ingila an soke dokar hana maita a 1951, a 1954 Gerald Gardner ya fito fili da addinin Wicca, daga nan ƙungiyoyin maguzancin zamani suka yi ta tsiro. Su ma Turawa suna da abin tunawa a nasu tarihin. A tsofaffin labaran Aisland akwai fylgja, wani abu mai bin mutum wanda akan gani a mafarki a siffar dabba. Sai dai abin da ya rage a rubuce kaɗan ne, bai isa a gina ibada a kansa ba, don haka aka juya ga aro.

Babban mai ba da aron shi ne Michael Harner, masanin al'adu Ba'amurke da ya yi bincike a dazukan Ekwado da Peru. A 1980 ya fitar da littafin da ya koyar da hanyar da kowa zai iya bi. Mutum ya kwanta a ɗaki mai duhu, ana kaɗa ganga da sauri ba sauyi, ya sawwara yana shiga wani rami zuwa duniyar ƙasa. Dabbar da ta bayyana masa sau huɗu, ita ce tasa. A 1988 Jamie Sams da David Carson suka fitar da kati 44, kowane da hoton dabba da fassararta, mutum ya zara ya ga tasa. A 1993 Ted Andrews ya fitar da wani littafi mai kamar ƙamus, ka duba dabba ka karanta saƙonta. Daga azumin kwanaki a daji an dawo zaman sa'a guda, daga nan zarar kati, yau kuma latsa waya.

Masu abin ba su yi shiru ba. A 1883 gwamnatin Amurka ta kafa ƙa'idojin da suka haramta wa 'yan asalin ƙasar raye-rayen ibadarsu da aikin masu maganinsu, sai a 1978 aka yi dokar da ta amince da 'yancin addininsu. Shekaru da dama ana hukunta su a kan abin da yanzu wasu ke sayarwa a ɗakin taro. A 1993 wani taron al'ummar Lakota ya fitar da sanarwa mai zafi a kan masu cin kasuwa da ibadarsu. Har yau da yawa daga cikinsu na jin ciwo in suka ji ana wasa da maganar dabbar ruhi.

To mu marubuta, me za mu ɗauka a nan?

Na farko, mu kula da kalma. Long bai yi niyyar ƙarya ba, bai dai tsaya ya bambance abu biyu ba. In za mu rubuta labari a kan Maguzawa ko Kano ta zamanin Barbushe, kada mu ɗauko dabbar ruhi daga fim mu sa wa Bamaguje a baki. Yana da kalmarsa, kan gida, kuma ma'anarta daban.

Na biyu, mu dubi inda labari yake. A wasan Facebook kowa zaki ne ko gaggafa, ba mu taɓa ganin wanda ya yi murnar samun kwaɗo ba. Dabbar da mutum ya zaɓa yabonsa take yi, ba ta neman komai a wurinsa. Kan gida kuwa tarar da shi ake yi, kuma yana da farashi. Mu ɗauka an yi fari, yunwa ta shigo, abin da ya rage a fadama shi ne naman da aka hana gidan ci. Mu ɗauka amarya ce daga wani gida, ta ga maciji a bayan rumbu ta rafka masa taɓarya, ba ta san ko wane ne ba. Mu ɗauka ɗa ne ya musulunta ya dawo daga karatu, tsohonsa na kallonsa, shi kuma yana kallon tsamiyar da ke ƙofar gida, da gatari a hannu. Kowane ɗaya daga cikin ukun nan ya isa gajeren labari, domin akwai abin da wani zai rasa.

Na uku, mu yi adalci. Mai rubuta tarihi ba sai ya yarda da abin da mutanen da suka yarda da shi ba, amma wajibi ne ya nuna su a matsayin masu hankali, masu dalili a cikin duniyarsu. Yawancin littattafanmu da finafinanmu in sun kawo Bamaguje, boka ne mai jan ƙyalle da muguwar dariya. Maguzawa kuwa manoma ne, maƙwabtanmu ne, suna nan har yau a ƙauyukan Kano da Katsina da Kaduna, da yawa sun musulunta, wasu sun zama Kiristoci. Abin da su Frazer suka yi wa kakanninmu, na jera su a ƙasan tsani, bai kamata mu maimaita shi da alƙalaminmu ba.

Har yanzu akan ji tsohuwa ta ce, mu a gidanmu ba a cin abu kaza, ko ba a kashe abu kaza, in an tambaye ta dalili ta ce haka muka tarar. Irin waɗannan tsofaffi raguwa suke yi kullum, kuma abin da Palmer ya rubuta 'yan shafuka ne kawai, da kunnen baƙo. Aikinmu na wannan mako ke nan: kowa ya samu dattijo ko dattijuwa a danginsu ya tambaya ko akwai dabba ko itacen da gidansu ke kaucewa, da labarin da ake bayarwa a kai. A rubuta yadda aka faɗa, da kalmomin mai faɗa, kada a gyara masa Hausa. Wanda ya samo ya kawo mana nan mu karanta tare.

Sai mun haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.