Doki ne ko ƙuru? Yadda za ka gane

Ƙuru doki ne da ya gama girma amma bai yi tsayi ba. Ba dukushi ba ne. A ma'aunin Turawa, wanda bai wuce santimita 148 daga ƙasa zuwa saman kafaɗa ba, shi ne ƙuru. Da wannan awo, dawakinmu na ƙauye da yawa ƙuru ne, ko da yake doki muke ce musu.

In ka je saye, a Dambatta ko wata kasuwa, kada a ba ka ƙuru a ce dukushi ne, zai ƙara girma. Duba haƙoransa: in ya gama famfara, ya kai shekara 5, tsayinsa ke nan. Maganin tsutsa kuwa, nauyin dabba ake bi, ba suna ba.