Bagaruwa da Ƙurajen Baki a Ƙasar Watari

Tun kafin Turawa su ci Kano a 1903, manoman gaɓar kogin Watari, kamar sauran Hausawan karkara, da bagaruwa suke magance ƙurajen baki. Akan daka busassun 'ya'yanta, a jiƙa, a kurkure baki da ruwan. Abin lura shi ne, baurin nan da majema ke jeme fata da shi, shi ne yake tsuke mikin har raɗaɗi ya lafa. Sai dai bagaruwa ba ta wadatar da yaron da yunwa da ƙyanda suka raunana, wanda gyambonsa kan ci kumatu har ƙashi. Likitoci suna kiran wannan cuta "noma", kuma dominta aka buɗe asibiti na musamman a Sakkwato a 1999.