Yadda wasiƙa ke fita daga tsakiyar teku

Wa ya tuna Alhamis ɗin nan, 14 ga Maris 2024, farkon azumi, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a kusa da gaɓar Kodebuwa? Ranar a ofis ko takarda ɗaya ban iya turawa ba, taransfa kuma sai dai ka yi ta kallon abu yana juyawa. Tun lokacin nake tambayar kaina: mu da ke tudu ke nan, to wanda ke tsakiyar teku cikin ɗan jirgi fa, da me yake aika saƙo gida?

Amsar tana cikin abin da duk muka tashi da shi: gajeren zango. Yadda muryar London ke haurawa sama, ta bugi wani rufi na sararin samaniya, ta dawo cikin rediyon babanmu, haka saƙon mai jirgi yake tafiyar dubban kilomita ba waya, ba turken sabis.

Aika saƙo gida daga jirgi ba yau aka fara ba. A Titanic, cikin Afrilun 1912, Jack Phillips da Harold Bride ma'aikatan kamfanin Marconi ne, kuma yawancin aikinsu tura gaisuwa da saƙon kasuwanci na fasinjoji masu hali, ana biya. Daren 14 ga wata saƙonni sun taru wa Phillips, yana ta ƙwanƙwasa su zuwa tashar Cape Race. Sai ma'aikacin rediyon jirgin Californian, wanda ke kusa, ya shigo yana cewa ƙanƙara ta tare su sun tsaya. Phillips ya katse shi, wai yana aiki. Mutumin ya kashe na'ura ya je ya kwanta. Allah sarki.

Abin mamaki, saƙon fasinja ne kuma ya jawo ceto. Harold Cottam na jirgin Carpathia yana shirin kwanciya, ya ce bari ya gaya wa Titanic akwai saƙonninsu da ke jira a tudu. Amsar da ya samu ita ce a zo da gaggawa, suna nutsewa. Carpathia ta tsamo mutum 700 da ɗoriya, kusan 1,500 suka tafi. Daga nan aka yi dokar manyan jiragen fasinja su riƙa sauraro dare da rana, aka kuma ƙulla yarjejeniyar tsaron rayuka a teku a 1914.

An daɗe a kan ƙwanƙwasar Morse, sai 1999 tsarin neman agaji na duniya ya sallame ta. Manyan jirage suka koma tauraron ɗan'adam. Amma masu ƙananan jiragen da iska ke turawa ba su da wannan kuɗin. A 1998 wasu Amurkawa biyu, Stan Honey da Jim Corenman, suka kafa SailMail: tashoshi a tudu masu karɓar saƙo ta gajeren zango su zuba shi cikin intanet.

Haɗa kayan ne aikin. Rediyo, da ƙaramar na'urar Pactor ta Jamus mai mayar da rubutu ya zama ƙara, da kwamfuta. Eriya kuwa, wayar ƙarfen nan da ke riƙe dogon sandan jirgi daga baya ake rabawa sama da ƙasa da abin da wuta ba ta bi, tsakiyar ta zama eriya. Inda ake yawan faɗuwa shi ne ƙasa, domin rediyo na son a haɗa shi da ƙasa, jirgi kuwa ba shi da ita. Sai a shimfiɗa faffaɗan zirin jan ƙarfe har zuwa wani faranti a ƙarƙashin jirgin, ruwan gishiri ya zama ƙasar. Ka yi sakaci a nan, rediyonka mai tsada ya zama kurma. Ga cin batir, ga firji yana sa ƙugi. Sannan sai ka san lokaci: mitar da ke kaiwa da rana ba ita ke kaiwa da dare ba. Duk wanda ya taɓa murɗa rediyo yana neman labaran asuba ya san wannan.

Sauri kam babu. Rubutu zalla, da ɗan taswirar yanayi, kuma minti 90 a mako aka yanka wa kowane mamba. Hoto guda na WhatsApp zai cinye maka rabo mai yawa.

Yanzu Starlink ya shigo, da yawa sun cire rediyon, ni ma ban ga laifinsu ba. Sai dai wasu sun ƙi cirewa, kuma na fi karkata gare su. Wayar tauraro lamba ɗaya take kira. Kiran rediyo kuwa duk jirgin da ke sauraron wannan mitar zai ji, ko ya san ka ko bai san ka ba.